Ranar da Na Yi Alwala a Gaban Likita

Abubuwa da yawa sun zube mini yanzu da tsufa ya zo. Sai in yi ta neman carbina a ɗaki, alhali yana rataye a wuyana. Amma akwai wata rana a Gaya da ba zan taɓa mantawa da ita ba ko da zan manta sunayen jikokina, ranar da na tsuguna a gaban likita da buta a hannu, maza da mata suna kallo, na yi abin da har yau wasu a danginmu suke kira rashin kunya. Ni kuwa da za a mayar da ni wannan rana, abin da na yi shi zan sake yi, sai dai in yi shi da wuri.

Ni zabiya ce. Mu biyu aka haifa haka a gidanmu a Balan, ni da yayana namiji, sauran 'yan'uwanmu duk baƙaƙe ne kamar Baba. Wanda bai zauna da zabiya ba yana tsammani farar fata ce kawai da jan gashi, bai san abin da ke tsakaninmu da rana ba. Aikin da wani zai yini yana yi a gona ya dawo da gumi kawai, mu idan muka yi rabinsa sai fata ta yi jawur, ta yi zafi kamar an watsa mata tafasasshen ruwa, daga baya ta saɓule. Leɓe ya tsage, wuya ya yi kaushi, kunne ya yi ɓawo. Ga idanu kuma, da haske ya yi yawa sai su hau rawa, mutum yana tsaye gabanka ba za ka gane shi ba sai ya yi magana. Haka muka tashi, ba wanda ya taɓa ce mana akwai abin da za a iya yi, mu ma ba mu tambaya ba.

Halina da na Yaya bai zo ɗaya ba. Shi mutum ne mai sanyi, ya yi karatu mai zurfi, ya gaji makarantar kakanmu, da damina kuma yana gonar gyaɗa kamar kowa. Tun yana saurayi ya fara naɗa rawani, da farko don ya kare wuya da kunne daga rana, daga baya ya zame masa girma. Kowa Malam yake ce masa, ni kaɗai nake ce masa Yaya. Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ba ya rufuwa. Yaran da suka tsokane ni da fatata sun sha dundu, kuma ban taɓa bai wa uwar ko ɗaya haƙuri ba. Inna takan ce da aka zo rabon haƙuri a gidanmu, Yaya ya kwashe nasa ya haɗa da nawa. Da aka kai ni aure Ajingi na yi sa'ar miji wanda surutuna ba ya damunsa. Idan na fara, sai ya jawo fartanya yana gyara ƙota har in gama.

Bayan an gama yaƙin basasa da ɗan lokaci, sai labari ya zo cewa wata likita Baturiya, dattijuwa, wadda ta daɗe tana duba masu ciwon fata, ta fara zuwa Gaya daga Kano lokaci-lokaci, kuma ta ware rana guda don zabiyoyi. An ba ta wani tsohon siton gyaɗa, aka share shi aka sa tebur da benci. Ranar da na fara zuwa na tsaya a bakin ƙofa na kasa shiga. Duk rayuwata daga ni sai Yaya na sani, sai ga ɗaki cike da masu irin fatata, kowa ya ƙanƙance ido yana kallon ɗan'uwansa. Akwai manoma daga ƙauyukan Ajingi, akwai wani tela mai yawan barkwanci, akwai wata tsohuwa mai sayar da daddawa wadda muke ce wa Iya. Na ji daɗi a ranar har sai da na yi ƙwalla, na fake da cewa haske ne.

Likitar ba muguwar mace ba ce, wannan dole in faɗa. Ta duba mu ɗaya bayan ɗaya, ta raba mana wani farin man shafawa a 'yan gwangwanaye, mai kauri kamar man kaɗen da ya daskare. Tana jin Hausa kaɗan-kaɗan, amma malamin asibitin da ke tare da ita shi yake yi mana bayani. Ya ce kowace safiya mu shafa a fuska da kunne da wuya da hannu da bayan ƙafa, mu lafta shi sosai, kuma kada mu wanke sai rana ta faɗi. Muka karɓa hannu bibbiyu muka yi ta godiya.

Washegari na shafa kamar yadda aka ce, na fito fuska fari fat, mijina ya kalle ni ya kau da kai don kada in ga yana dariya. Maganin yana aiki, na ji a jikina, don na yi shanya a tsakar gida rana ba ta cije ni ba. Matsalar sai da azahar ta bayyana. Na ɗauki buta na zauna alwala, na zuba ruwa a hannu, sai na ga ya dunƙule ya gangare kamar an zuba shi a ganyen gwaza. Na sake zubawa, haka. Fuska, hannu zuwa gwiwa, kunne, ƙafa, duk inda alwala take bi nan aka ce mu lafta maganin. Na nemi wanke shi, ya ƙi fita sai da sabulu da dirza, fatarmu kuwa ba ta ɗaukar dirza. Kafin in gama, hannuna ya fi na wanda ya yini a rana ja.

Da na je Balan na tambayi Yaya, ya ce abin a fili yake, idan wani abu ya tsaya tsakanin ruwa da fata alwala ba ta yi ba. Na ce to yaya za mu yi? Ya ce shi dai ya ajiye nasa gwangwanin a bayan littattafai. Ni ma na ajiye nawa. Wani lokaci in shafa wa faso, wani lokaci mijina ya ɗiba ya shafa wa jakinsa inda akumari ya goge shi, kuma jakin ya ji daɗinsa ƙwarai. Daga baya na gane duk wanda ke zuwa siton nan abin da ya yi ke nan, kowa a ɓoye, kowa yana tsammani shi kaɗai ne.

Duk zuwan da likita za ta yi sai ta tambaye mu jiki, mu ce da sauƙi. Ta ce muna shafawa? Mu ce muna shafawa, mun gode. Wasu ma a bayan siton suke tsayawa su ɗan goga a goshi kafin su shiga. Yaran yanzu za su ce ƙarya muke yi, amma mu a lokacin tarbiyya muka ɗauke ta. Mace ta taso tun daga Kano ta kawo maka abu kyauta, ba ka duban idonta ka ce abinta bai yi maka ba. Kuma mai yawan faɗin ciwonsa ana ganinsa kamar ba ya gode wa Allah. Ni da bakina bai iya wannan ba, na taɓa tare malamin asibitin a waje na gaya masa maganar alwala. Ya ce wannan ba maganar da ake kai wa likita ba ce, in karɓa in yi godiya kamar kowa. Da Yaya ya ji, ya kira ni ya ce kada ya sake jin na tayar da zancen. Na yi shiru don shi, amma shirun yana cina.

Muna haka har aka yi wani suna a Ajingi, matar Yaya ta zo. Ana tsakiyar hidima ta ja ni bayan rumbu, ta ce akwai maganar da ta hana ta barci. Ta ce duk sanda ta wanke rawanin Malam sai ta tarar da jini da ruwan ciwo a gefe guda. Wani miki ne ya fito masa a saman kunnen hagu tun daminar da ta wuce, ya ƙi warkewa, kullum faɗi yake ƙarawa, bakinsa ya yi tauri. Shi kuma sai ƙara sauke rawanin yake yi yana rufewa. Na ce likita ba ta gani ba? Ta ce ta ina za ta gani, shi yana ce mata da sauƙi, likitar kuma an gaya mata ba a cewa malami ya kwance rawani.

Ban jira an watse ba na kama hanyar Balan. Na same shi a zaure shi kaɗai. Idona ba ya gani daga nesa, amma hancina lafiyarsa lau, ina matsawa kusa don gaisuwa na ji warin. Na ce ya nuna mini, ya ƙi. Na ce to ya nuna wa likita, ya ce abin da Allah ya rubuta wa bawa ba ya wuce shi. Na ce wanda ya rubuta ciwon ai shi ya kawo matar nan har Gaya. Ya ce ba zai tuɓe kansa a gaban baƙuwar mace da taron jama'a ba, kuma idan ya nuna mata dole ta gane bai taɓa shafa maganinta ba, da wane ido zai kalle ta? Ya rufe da cewa shi ne babba, ya kuma hana ni. Na fito daga zauren nan cike da haushi da tsoro. A danginmu na wajen Inna, tun kafin a haife ni, an taɓa yin wani zabiya da irin wannan miki ya ci masa rabin fuska kafin ya rasu, kuma Yaya ya san da haka sarai.

Ba a daɗe ba tela ya aiko mini cewa zuwan likita na gaba shi ne na ƙarshe. Wai ta gaji, za ta mayar da ranarmu wani gari inda ake bukatarta. Na zauna na yi lissafi a raina, idan matar nan ta tafi ba ta ga kunnen Yaya ba, babu mai ganinsa sai masu wankan gawa. Da ranar ta zo na tashi da asuba, na ɗauki gwangwanina, na cika buta da ruwa. Mijina ya ga butar, ya dube ni, ya ce ko a Gaya an daina samun ruwa ne? Na ce wannan na aiki ne. Bai ƙara tambaya ba, ya ce dai in tuna Malam yayana ne.

Siton ya cika. Yaya yana zaune a bencin gaba, rawani ya sauko har kusan gira. Likita ba ta fara da duba kowa ba. Ta tsaya jikin teburinta ta yi magana, malamin asibiti yana mayarwa da Hausa. Ta ce ita tsohuwa ce amma ba makauniya ba, ta san fatar da ake shafa wa magani ta san wadda ba a shafa wa. Ta daɗe tana zuwa, bakinmu yana cewa da sauƙi, fatarmu tana faɗin wani abu daban. Ta ce ba za ta iya taimakon mutanen da ba su damu da kansu ba. Kowa ya sunkuyar da kai. Wani dattijo a baya har ya fara cewa mun gode, Allah ya saka da alheri, Allah ya kai ta gida lafiya. Wannan godiyar ce ta ƙarasa tunzura ni, na miƙe.

“Ranki ya daɗe, babu sauƙi,” na ce. “Tun da kika fara zuwa babu wanda ya ji sauƙi a ɗakin nan.”

Malamin asibiti ya yi mini alama da hannu in zauna. Na ce masa, “Malam, ka faɗa mata yadda na faɗa, kar ka rage mini ko kalma ɗaya. In ka rage zan sani, ita ma za ta sani.”

Na fito tsakiyar ɗaki, na naɗe mayafina a ƙugu, na buɗe gwangwani na lafta maganin a hannuna har gwiwa, na shafa a fuska da kunne yadda aka koya mana. Sannan na tsuguna na jawo buta. Mace ba ta alwala a gaban taron maza, na san da haka. Na yi bisimilla na fara. Na zuba ruwa a hannu, ya dunƙule ya zube ƙasa. Na watsa a fuska, ya gangaro ta haɓa. Na miƙe na je har gabanta na miƙa mata hannuna, na ce ta taɓa ta ji ko ruwan nan ya sami fatata.

Ta taɓa. Na ce, “Sau biyar muke wannan kullum. In ruwa bai taɓa fata ba babu alwala, in babu alwala babu salla. Kin ce kar mu wanke sai rana ta faɗi. Wato kin ba mu zaɓi tsakanin maganinki da sallarmu, mu kuwa tun ranar farko muka zaɓa.”

Malamin asibiti ya mayar mata, kuma a wannan karon bai rage ba, don na ji ya daɗe yana magana. Fuskarta ta yi ja kamar tamu idan mun sha rana. Ta yi tambaya da faɗa-faɗa, wai me ya sa duk tsawon lokacin nan ba wanda ya gaya mata? Na ce ai ba ta tambaya ba. Ta tambaye mu jiki, wannan kuwa gaisuwa ce, ko mai shirin mutuwa da sauƙi zai ce. Ba ta taɓa tambayar yadda muke yini ba, da yadda muke zuwa nan, da abin da muke yi da gwangwanin idan mun kai shi gida. Na ce mu ma da laifinmu, amma ba rashin damuwa da kai ba ne, kada ta tafi da wannan a ranta.

A nan Yaya ya yi magana, murya ƙasa-ƙasa kamar yadda ya saba. Ya ce ya isa haka, na zubar da mutuncin gidanmu, in nemi wuri in zauna. Da a ce ya daka mini tsawa ne wataƙila da na ji tsoro. Na juya na fuskance shi, maganin yana ɗiga daga haɓata.

“Yaya, ban gama ba. Kwance rawanin nan ta ga kunnenka.”

Wani ya ja salati a hankali. Yaya ya tattara babbar rigarsa ya miƙe ya nufi ƙofa. Na riga shi isa, na tsaya a bakinta na riƙe ƙyauren da hannu biyu. Tun da aka haife ni ban taɓa tare masa hanya ba, amma ban matsa ba. Ya ce in ba shi hanya. Na ce, “Ka yi fushi da ni har ƙarshen rayuwarka, na yarda, in dai rayuwar za ta yi tsawo.”

Ban san yadda za mu ƙare ba da Iya mai daddawa ba ta sa baki ba. Ta miƙe da ƙyar, ta zame mayafinta daga wuya, ta juya wa likita ƙeya. Akwai wani ƙulli a wurin wanda ya fashe, ta daɗe tana rufe shi. Ta ce ita tsohuwa ce, kunyarta ta ƙare, ga nata. Tela ya naɗe hannun riga ya nuna nasa. Wani manomi ya cire hula. Sai ga shi kowa yana buɗe abin da ya daɗe yana ɓoyewa, a ɗakin da ɗazu ake ta godiya. Sannan Iya ta ce mu duka mu fita mu ba Malam wuri, ai ba a kallon babba yana kwance rawani. Wannan dabara ba ta zo mini ba, ni faɗa kawai na iya.

Mutane suka fita suka raɓe a inuwar bango. Ni na tsaya a bakin ƙofa na juya baya, don kada ya canza shawara ya fice. Can na ji motsin yadi ana warware shi a hankali. Daga baya malamin asibiti ya leƙo ya ce ta ce yau ɗin nan za ta tafi da Malam Kano a motarta, ba gobe ba.

Na yi tsammani shi ke nan za su kama hanya, amma sai ta sa aka kira mu muka koma ciki. Ta bar kujerarta ta zauna a kan benci a tsakiyarmu, ta ce mu gaya mata yadda muke yini tun daga asuba. Da farko kowa ya yi nauyin baki, da aka fara kuwa sai da aka riƙa tsawatarwa. Iya ta ce ita ta lura idan ta goga man gyaɗa da tsumma mai laushi, maganin yana fita ba tare da dirza ba. Aka juya ga Yaya, wanda ke zaune a gefe da auduga a kunne, ko inda nake bai kalla ba. Ya ce mai na ruwa wanda ba ya yin ɓawo a fata ba ya hana alwala, kuma inda miki yake an ɗaure shi, shafa a kai ta wadatar. Aka tsayar da cewa a shafa bayan sallar asuba, a goge da azahar, a sake shafawa, mai iyawa kuma ya riƙe alwalarsa har la'asar. Likita ta ce hakan zai ci magani fiye da wanda take da shi, ba za ta yi mana alkawarin ƙarya ba, amma za ta nema.

Ba a kan magani kaɗai aka tsaya ba. Manoman Ajingi suka ce ranar da suka fi ƙonewa ita ce ranar zuwa ganin likita, don sai rana ta take take isowa, su kuma su koma gida a ƙafa da tsakar rana. Ta dafe kai da ta ji wannan. Ta kawo shawarar kowa ya riƙa sa malafa, mata muka yi dariya muka ce a ina za mu ɗora gammo da tulu? Tela ya ce zai ɗinka wa mata riga mai dogon hannu da wuya, aka yi ta gardama a kan yadi, wasu na cewa mai kauri zafi, wasu na cewa shara-shara rana tana ratsa shi. Ba a gama daidaitawa ba ranar, wasu abubuwan ma ba a taɓa daidaitawa ba. Amma ta ce za ta ci gaba da zuwa, da sassafe, bisa sharaɗin mu daina ce mata da sauƙi in babu. Na ce mu ma da namu sharaɗin, duk zuwan da za ta yi a fara zama irin wannan kafin a buɗe gwangwani ko ɗaya. Ta ce ta yarda, kuma ta cika.

Yaya ya yi makonni a Kano. Ya dawo babu kunnen hagu, an yanke shi gaba ɗaya, an ce da ciwon ya gangara wuya da babu abin da za a iya yi. Iya kuwa nata ya riga ya yi nisa. An kai ta, an dawo da ita, ba ta ga daminar gaba ba. Har yau idan na ji ƙanshin daddawa sai na yi mata addu'a, kuma sai na ji haushin duk watannin da muka ɓata muna godiya.

Yaya ya daina yi mini magana. Idan na je Balan na gaishe shi, sai ya amsa da lafiya ya mayar da ido kan littafi. Dangi suka rabu, masu cewa na tozarta Malam a bainar jama'a sun fi yawa. Gwaggonmu ta zo har Ajingi ta ce in je in durƙusa in nemi gafara. Na ce zan durƙusa masa a kan komai, ban da wannan, don in na ce na yi kuskure na yi ƙarya. Mijina ma ya ɗan gwada lallashina, na ce ya koma kan fartanyarsa. A fili ina cika baki, amma abin yana damuna ƙwarai, don duk duniya ba ni da wanda ya san abin da nake ji a fatata kamar Yaya.

Sai bayan an gama cire gyaɗa, wata safiya ina tankaɗe, na ji sallamarsa a zaure. Na kai masa ruwa da fura, na koma bakin ƙofa na rakuɓe. Ya sha, ya yi ta hira da mijina a kan amfanin gona kamar ba na wurin. Da ya tashi tafiya sai ya ce wa mijina zaman likita ya kusa, kada ya hana ni zuwa, don mutane sun ce in ba na nan ba a faɗin gaskiya. Sannan ya juyo, karo na farko tun ranar siton, ya dube ni.

“Ke kuma in za ki yi mini faɗa, ki riƙa zagayowa ta kunnen dama,” ya ce. “Ɗayan kin sa an tafi da shi.”

Na buɗe baki in ba shi amsa, kuka ya riga ni. Ya rayu bayan wannan har ya aurar da jikoki, kuma bai taɓa ce mini ya gode ba, ni ma ban taɓa nema ba.

Abin da wannan rana ta koya mini shi ne, kunya ado ce a wurare da yawa, amma ba a gaban mai magani ba, don a can tana iya kashe mutum yana murmushi yana godiya. Mai magani kuma, komai iliminsa da kyakkyawar niyyarsa, rabin aikin kawai ya sani, sauran rabin yana wurin wanda zai kai maganin gida ya rayu da shi. Shi ya sa har yanzu idan jikokina suka kai ni asibiti, likita ya fara rubutu bai ɗago ya tambaye ni ba, nakan dafa takardar in ce ɗana, dakata tukuna, fatar nan ni nake cikinta, bari in gaya maka yadda nake yini.